Mai Hannu Ba Ta Gyara Magana

Idan ka bi layin bayan kasuwa, ka wuce shagon mai gyaran rediyo da na mai sayar da fenti, ƙarar inji za ta kai ka ƙofar maɗaba'ar tun kafin ka ga allonta. Ɗaki ɗaya ne dogo, yana warin tawada da man inji. Injin buga takardu yana can ƙurya, kuma mutumin da ke tsaye a kansa tun yana da baƙin gashi har ya yi furfura kurma ne. A bakin ƙofa, inda haske ya fi, akwai teburin yanka da ninki. Nan ƙanwarsa take zama. Ita ce unguwa ke kira Mai Hannu.

Gajeriyar mace ce, ta fara manyanta, yatsunta duk tabon yankan takarda. Zazzaɓi ne ya tafi da jin yayanta tun kafin a haife ta, don haka ta buɗe ido ta tarar da maganar hannu a gidan kamar yadda wasu ke tarar da rijiya. Kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta zama kunnen Yaya da bakinsa. Daga shi sai abokansa, sai matan abokansa. Ita ce asibiti, ita ce ofishin 'yan sanda, ita ce gaban maigidan haya idan rufi yana yoyo. Ba wanda ya taɓa ɗaukarta aiki a kan wannan. Hukumar da ta keɓe ma'aikaci guda don ya riƙa buɗe wa babba ƙofar mota, ba ta taɓa tunanin ajiye mutum ɗaya da zai gaya wa kurma abin da likita ya ce ba. Sai dai a aiko a kira ta, ta bar aikinta ta tafi, ko ruwa ba a ba ta.

Doka ɗaya gare ta, kowa ya san ta: abin da baki ya faɗa shi hannu zai faɗa, abin da hannu ya faɗa shi baki zai faɗa. Ba ƙari, ba ragi. In ka zagi kurma za ta kai masa zagin da zafinsa, in ya rama ta dawo maka da naka.

Ba daga sama ta tsinci dokar ba. Tana budurwa mahaifiyarsu ta kwanta, likita ya ce musu ciwon ya ci jiki, a shirya. Yaya ya dube ta yana jira. Ta ga idonsa, tausayi ya kama ta, sai hannunta ya ce masa, “Ya ce da sauƙi.” Da wannan sauƙin Yaya ya tafi wani gari karɓo kayan inji, ya dawo ya tarar an kai tsohuwa makwancinta. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Kau da kai kawai ya yi. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane wannan ba. Mai ji ko ya juya maka baya, maganarka za ta bi shi. Kurma kuwa in ya ɗauke idonsa daga hannunka, ya kulle ƙofa ya jefa makullin a ruwa. Damina ta zo ta wuce suna aiki a ɗaki ɗaya bai kalli yatsunta ba. Ranar da ya sake kallo, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara gyara wa kowa magana ba.

Lokacin zaɓe shi ne kakar maɗaba'a. Duk fuskokin 'yan takara sai sun bi ta ƙarƙashin wuƙarta, kowa da murmushinsa na aro. In an yi taro kuma, kuramen unguwa kan tafi tare su tsaya gefe, ita a gabansu tana juyar musu da jawabi. Su ba sa jin tsawar mai magana, ba sa jin yadda yake karya murya har mata su fara share hawaye, ba sa jin kiɗa. Abu biyu ke isa gare su: fuskarsa da hannunta. Magana kuwa in an tuɓe mata murya, sai ta tsaya daga ita sai abin da ke cikinta, sau da yawa kuma babu komai a cikin.

Har alamu suka ƙirƙiro wa dabarun. In an tambayi mutum batun kwata ya koma kan gidan abokin takararsa, sai su nuna can nesa da hannun dama, na hagu a ɓoye a baya. In ya ce ko ni ko halaka, sai su kafa yatsu biyu a maƙogwaro. In ya ce duk gari yana tare da mu, sai su yi tafiyar tumaki. In ya fara labarin wahalar da ya sha yana yaro, Yaya yakan dangwali yawu ya shafa a ƙasan ido. Wannan nasu ne, tsakaninsu. Ita ba ta taɓa yin ko ɗaya tana kan aiki ba, komai ƙaiƙayin da hannunta ke yi.

Sai ga shi wata shekara fuskar da ta biyo ta ƙarƙashin wuƙar ta ɗanta ce.

Dogo ake ce masa. Ubansa ya rasu yana rarrafe, a cikin tarkacen takardun maɗaba'a ya girma, kuma ya iya maganar hannu kafin ya iya ta baki. Kawunsa ya raɗa masa suna irin nasu, taɓa haɓa, saboda tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga kan tulin takardu. Ya zama malamin firamare, mai tsayawa a kan abu. Shi ya yi ta sintiri har aka kwashe bolar da ta toshe layinsu. Jama'a suka ce ya fito kansila, ya fito. Jam'iyya kuma ta haɗa shi da wani gwanin shirya 'yan takara, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, unguwa ta sa masa Mai Turare.

A falon Mai Hannu ake darasin, gaban madubin kabad.

“Sa hannu a ƙirji. A'a, na dama,” in ji Mai Turare. “Yanzu yi shiru, bar su su jira. Sai ka sassauta murya kamar za ka yi kuka, amma kada ka yi.”

Tana zaune tana tsintar wake, ta ce, “Shirun ma koyar da shi ake yi?”

“Mama, ai shiru shi ne gishirin jawabi.”

“To ashe Yaya ya fi ku duka iya jawabi.”

Mai Turare ya yi dariyar yaƙe, ya koma kan ɗalibinsa. “In an yi maka tambayar da ba ka so, kada ka amsa ta. Yaba wa mai tambayar, sannan ka amsa wadda ka so a ce an yi. Kuma sai mun samo maka wahala. Jama'a ba sa zaɓen wanda bai sha wuya ba. Ka ce ba takalmi ka yi makaranta.”

“Da ƙafar wa?” Ta ajiye faifan. Kowace shekara Yaya yakan tsayar da yaron a kan ragowar takarda, ya zana ƙafarsa da fensir, ya tafi kasuwa da zanen a aljihu.

“Mama, salon magana ne,” in ji Dogo, bai juyo daga madubin ba. “Kowa haka yake yi.”

“Kowa ba ni na haife shi ba.”

Shi dai Mai Turaren ne ya kawo shawarar a hau da ita dandamali ranar babban taro. Uwar ɗan takara tana yi wa kurame fassara, hoton zai yi kyau. Dogo ya same ta a shago ya faɗa mata, yana wasa da guntun takarda.

“Ka san dokata,” ta ce.

“Na sani. Kawai dai ki duba ni.”

“Kai dai ka duba bakinka. Ni bayansa nake bi.”

Akwai abin da kuramen ke so su tambaya, kuma ba abin wasa ba ne. A mahaɗar titin da ke ƙarshen layin, manyan motoci ba sa rage gudu, ham kawai suke dannawa su wuce. A watannin baya wata ta kwashe matar mai walda, ita ma kurma, ta karya mata ƙugu. Direban ya sauko yana rantsuwa cewa ya yi ham tun daga nesa. Shi a ganinsa ya fita.

Ranar taron, da la'asar, zauren makarantar ya cika har tagogi. Mai Turare ya nuna mata wuri can baya kusa da labule, ta ce ba a karanta hannu a duhu. Ta ja kujerarta zuwa gaba, gefen hagu, inda hasken taga ke sauka, ta tsaya. Ba da wata manufa ta yi ba, aikin ne haka. Amma hakan ya sa duk sanda Dogo ya juya hagu sai ya ga hannuwanta. A layin gaba Yaya yana zaune da abokansa, matar mai walda ta jingina sandarta a gwiwa.

A faɗi gaskiya, yaron ya iya. Ya fara a hankali, ya ce shi ɗan layin nan ne, ga uwarsa nan kowa ya san ta. Aka tafa. Ya ɗaga murya, ya maimaita kalma sau da sau har matasan baya suka karɓe ta suna amsawa. Sannan ya sa hannun dama a ƙirji, ya yi shirun da aka koya masa, ya ce da ƙafa tsirara ya yi ta taka tsakuwa zuwa makaranta. Wata tsohuwa ta share ido da bakin mayafi.

Mai Hannu ta ji hannuwanta sun yi nauyi kamar an jiƙa su. Amma ta ɗaga su. Ni, yaro, makaranta, takalmi babu. Yaya ya kalli hannunta, ya kalli ƙafar Dogo, ya dawo da idonsa kanta. Ba ta ƙara komai ba, ko girarta ba ta motsa ba.

Da aka zo tambayoyi, Yaya ya miƙe. Aka miƙa mata makirufo. Yana yi da hannu, tana faɗa da baki.

“Mahaɗar ƙarshen layi. Motoci ham suke yi, mu kuwa ba ma ji. Ga wadda suka karya nan zaune. In ka hau, za a sa fitilar ba da hannu ko ba za a sa ba?”

Dogo ya yi murmushi. Ya ce wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci da aka yi yau, kuma daga bakin mutumin da yake ɗauka uba. Ya ce a tambayi wanda ke kan kujerar yanzu, a ina ya samu abin gina bene, alhali da ya hau ko keke ba shi da shi. Ya ce zaɓi biyu ne gaban unguwa, ko a canza ko a ci gaba da kwasar gawa a titi. Ya ce duk wanda ke da ido ya ga inda jama'a suka karkata. Zaure ya ɗauki tafi, har ana buga benci.

Ta juyar da shi duka, benen da keken da gawar. Yaya bai zauna ba. Ya jira har ta sauke hannu, sannan ya ɗaga nasa, a hankali, yadda ake yi wa yaro.

Na tambaye ka fitila, ka ba ni benen wani. Ba ka amsa ba. Takalman da na yi ta saya maka kuma, ina ka kai su?

Makirufo yana hannunta. A duk masu ji da ke zauren, ita da Dogo ne kaɗai suka san abin da aka ce. Ƙamshi ya iso mata ta baya, Mai Turare ya sunkuyo kusa da kunnenta.

“Mama, ki ce yana godiya, ya gamsu. Ɗanki ne fa.”

Ba sai an tuna mata ba. Ita ta yi goyonsa a gaban teburin ninki na maɗaba'a, ita ta san dararen da ya yi yana gyaran takardun ɗalibai, ta kuma san ya fi na kan kujerar sau dubu. Kalma biyu kawai, taro ya watse lafiya. Ta dubi layin gaba. Idon Yaya yana kan leɓenta, irin kallon nan na ranar asibiti, yana jira. Matar mai walda ma ita take kallo.

Ta kai makirufo baki. “Na tambaye ka fitila, ka ba ni benen wani. Ba ka amsa ba. Takalman da na yi ta saya maka kuma, ina ka kai su?”

Wani daga baya ya ce, “Uwarsa ce fa.” Sai dariya ta ɓarke, wayoyi suka tashi sama.

Dogo ya tsaya, gumi yana bin tabon haɓarsa. Mai Turare yana yi masa alama ya ci gaba, ya mayar da abin raha. Da ya bi, wataƙila da ya sha. Sai ya ajiye makirufonsa a kan tebur, ya juyo ya fuskanci kawunsa, ya ɗaga hannuwa. Sun yi tsatsa, yana yi yana tuntuɓe.

Kawu, ban sani ba. Titin ba na kansila ba ne, na hukumar tituna ne. Ba zan ce maka za a sa ba. Abin da zan iya, in kai ku can, in tsaya tare da ku har su gaji da ganinmu. Takalma kuwa, ƙarya na yi.

Ita kuma, yana yi tana faɗa, da murya ɗaya, ba ta ɗaga ba ba ta sauke ba. Har ta ƙarshen. Zauren duka ya ji uwar ɗan takara ta ce, “Takalma kuwa, ƙarya na yi.”

Babu tafi. Yaya ya gyaɗa kai ya zauna.

A bayan zaure Dogo ya tare ta, idonsa ja. “Wannan ta ƙarshen tsakanina da Kawu ce. Da kin bar ta.”

“A kan dandamali ka faɗe ta.”

“Ko sau ɗaya a rayuwarki, Mama.”

“Na taɓa yin sau ɗayan,” ta ce, ta gyara mayafinta ta wuce.

Kafin gari ya waye an yanke hoton taron, an bar kalmomin nan uku kawai, “ƙarya na yi,” suna yawo a wayoyi daga bakinta. Aka yi zaɓe, Dogo ya faɗi. Wanda ya ci shi ne mai benen, wanda ya tsaya a kan mota ya yi alkawarin fitila a kowace mahaɗa ta unguwa, alhali ya san ko sanda ɗaya ba shi da ikon kafawa. Mutanen da kullum suke kukan 'yan siyasa maƙaryata ne, aka ba su wanda ya ce ban sani ba, suka ture shi suka rungumi mai romon baka. Sannan ba su ji kunya ba suka juya kanta. A wajen famfo, a layin niƙa, ana nuna ta da leɓe: ga uwar da ta kayar da ɗanta. Ba wanda ya ce ga mutumin da ya sa masa ƙarya a baki. Shi Mai Turare tuni ya koma bayan wani ɗan takarar a wata unguwa, da madubinsa da hannun damansa. Matar Dogo ta daina aiko da yara. Dogo in ya hango ta a layi sai ya shiga shagon mai fenti.

Ta ji ciwo, ba dutse ba ce. Akwai ranar da ta ninke takardu tuli guda a karkace, abin da ba ta taɓa yi ba, Yaya ya kwashe ya sake ninkewa. Amma aiki bai tsaya ba. Har takardun godiyar sabon kansila a nan aka buga, ita ta yanka masa gefe, kuma ba ta yanke masa kunne ba duk da wuƙar tana hannunta. Yaya kuwa duk sanda ta ɗaga yatsa idonsa yana kai.

Wata safiya tana jera takardu, inuwa ta tare mata haske. Dogo ne, da rigar zuwa makaranta. Ya gaishe ta a taƙaice, ta amsa a taƙaice. Yaya yana can kan inji ya ba su baya. Dogo ya kai hannu ya kashe fitilar ɗakin ya kunna, yadda ake kiran kurma. Yaya ya juyo. Ƙafar Dogo ya fara kallo, ya ɗan jima a kan takalman, sannan ya ɗaga yatsa ya taɓa haɓa.

Dogo ya matso kusa da shi. Ya ce, da baki da hannu tare, ya nemi izini daga makaranta, hukumar tituna zai je. Mai walda da matarsa suna waje. Bai ci kujera ba, amma ya ce zai kai su.

Yaya ya kashe inji ya fara goge tawada.

“Ki taso, Mama.”

“Ai kana da hannu.”

“Ya yi tsatsa, kin gani da idonki. Kuma in suka fara kwana-kwana, ni ina tsoron in gyara musu.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Can ma za su ce ba su ba ne, wani ofishin ne.”

“To sai ki gaya wa Kawu haka ɗin, mu tafi wancan.”

Ta rufe wuƙar yanka, ta ɗauki mayafi. Suka fito layi su biyar, suna tafiya a hankali saboda mai sanda. A mahaɗar babu fitila, har yau ma babu. Ta kama hannun rigar Yaya yadda ta saba tun tana yarinya, ta karkata kunne. Daga can wata babbar mota ta danna ham ba ta rage gudu ba. Mai Hannu ta ɗaga tafinta, duk suka tsaya. Sai da ta wuce, ta saurara ta ji babu wata a baya, sannan ta sauke hannun suka tsallaka.